Makullin da Na Aika Bungudu

Wanda ya zo tarbata a filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, kuma shi ne mutum na farko da ya cuce ni a Malesiya. Wata ƙawata ce ta haɗa mu a waya, ta ce yana nema wa ɗalibai masauki. Tun ina gida ya turo mini hoton ɗaki mai babbar taga, ga labule, har da wata bishiya tana leƙowa. Da muka isa, bayan doguwar tafiya a bas zuwa arewacin ƙasar, sai na tarar tagar tana nan, ba ƙarya, amma bangon maƙwabta take kallo, in na miƙa hannu ma zan taɓa shi. Ƙasan ɗakin kuwa shagon busasshen kifi ne. Na ce masa ina bishiyar? Ya ce an sare.

To ni Saude, 'yar Tsafe, malamar ilimin sinadarai a wata babbar makaranta a Gusau, ba a san ni da haɗiye magana ba. 'Yan kabu-kabun Tudun Wada sun san bakina, wasu in sun hango ni sai su yi kamar an kira su a waya. Na wanke mutumin nan tas, na haɗa da tambayarsa ko bangon ma cikin dare ɗaya ya tsiro. Ya sauke mini akwati ya sulale, bai ƙara ɗaga wayata ba. Na zauna a bakin gado cikin warin kifi, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, na tuna 'ya'yana biyu da na baro wa babansu Aminu, na yi kukana na more.

Abin da ya kai ni can batir ne. A wajenmu kowa ya koma sola, amma batiran ba sa tsufa, mutuwar ƙuruciya suke yi. Ka sayi wanda aka ce zai yi shekaru, bazara biyu ta wuce ka ga yana ɗaukar caji da safe, kafin isha'i ya kwanta. Na Innata a Tsafe haka ya yi, na maƙwabtanta ma haka. Kowa na cewa jabu ne ake kawo mana. Ni kuwa zafi nake zargi, don yawanci a ɗakin kwano ake ajiye su, inda ko mutum ba ya iya wuni. Amma zargi daban, nunawa daban. Ba zan iya sayen batira masu yawa in zauna ina jiran su mutu ba, sai dai in gina batirin a kwamfuta in sa manhaja ta kwaikwayi abin da ke faruwa a cikinsa. Wadda muke da ita a Gusau tsohuwa ce tukuf, ba ta san zafi ba, a wurinta duk duniya ɗaki ne mai sanyi. Sabuwar tana wurin wani Farfesa Azlan a can, shi ya yarda in zo in zauna a ɗakin bincikensa na wasu watanni. Ba wani abu na je nema ba sai in zauna gaban manhajar nan har in gama.

Farfesa mutum ne ɗan siriri mai magana a hankali, kullum da murmushi, irin murmushin da ba ka sanin ko ya ji daɗi ko ransa ya ɓaci. Ranar farko ya buɗe mini suna a manhajar, ya sa na zaɓi lambar sirri. Wannan suna da lambar su ake kira makulli. Ya ce, "Naki ne ke kaɗai, Saude. Kamfanin da ya yi manhajar da sunan mutum yake ba da shi, kuma ni na tsaya miki." Na ce to, na gode. Na ji maganar sarai, ba zan ce ban ji ba.

Sai ya haɗa ni da Mei, ɗalibarsa mai neman digiri na uku, 'yar ƙasar ce amma asalin iyayenta Sinawa ne. Ƙarama ce a jiki, ga saurin magana, ga saurin tafiya, takan iso da gashi a jiƙe don kullum sai ta manta laima. Ranar da ta ga na shigo sharkaf ta fita ta sayo laima biyu, ta ba ni ɗaya, tata kuwa washegari ta bar ta a bas. Ita ta lura ba na cin abinci. Shinkafarsu da madarar kwakwa ake dafawa, ni kuwa tuwon dawa da miyar sure nake mafarki. Ta kai ni wata rumfa a bayan makaranta inda ake gasa kaza da yaji mai sa hawaye, ta zauna tana kallona ina ci ina sharce majina, tana dariya. Ta ce, "Yau na ga fuskarki ta gaskiya."

Ita ce ta koya mini sababbin abubuwan da aka ƙara. Tsohuwar tamu layi kawai take zanawa, ya hau ya sauka, kai ka san abin da za ka yi da shi. Wannan kuwa batirin take tsaya maka a allo, ka juya shi, ka yanka shi biyu kamar kabewa ka leƙa ciki. Ga farantan dalma a jere, ga ruwan da suke ciki, inda wuta ta fi bi ya yi haske, inda ta ƙi bi ya yi duhu. An haɗa mata lissafin zafi da na sinadari wuri guda, kowanne yana taɓa ɗan'uwansa: zafi ya hanzarta cin farantan, cin farantan ya ƙara zafi. Akwai wurin da za ka zuba mata awon da ka yi a batir na gaske, ita da kanta ta yi ta gwada lambobi har na kwamfutar ya dace da na hannunka, aikin da a Gusau nake yin makonni ina lalube. Sannan ga abin da ya fi tafiya da ni, tana iya tsufar da batir. Ka ce mata a caja a sauke, a caja a sauke, haka har shekaru, ta nuna maka yadda zai lalace.

Na sa mata zafin ɗakin Inna na watan bazara, na danna. Ina kallo gefen farantan ya soma ja, ruwan ya fara ƙafewa daga sama. Gwaji ne ɗan ƙarami, ba wanda za a kafa hujja da shi ba, amma na ga abin da na daɗe ina faɗa ana mini kallon mai surutu. Na miƙe tsaye na ce, "Ai na faɗa!" da Hausa, da ƙarfi. Duk ɗakin suka waiwayo.

Akwai kuma wani sabon abu da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Manhajar ba a kwamfutarka take aiki ba. Ta intanet take tura lissafin zuwa manyan injinan kamfanin a wata ƙasa, kuma duk 'yan ɗakin Farfesa rumbu ɗaya gare mu. Aikin kowa yana ciki, kowa na ganin na kowa, manyan ayyuka kuma layi suke bi. Mei ta nuna mini nata, wani babban fayil da ta raɗa wa suna da rubutun Sinanci. Batirin mota take tsufarwa, lissafin ya yi makonni yana tafiya, saura kaɗan. Shi ne babin ƙarshe na kundinta, kuma da shi za ta shiga zaman jarrabawar da ke tafe. Kullum da safe sai ta buɗe shi ta gaishe shi, wai jaririnta.

Haka na zauna, na saba da warin kifi har na daina jinsa, aikina ya fara kama hanya. Sai bakina ya ja mini. Na ɗauki hoton batirin nan mai launi na tura wa Malam Bawa, don in burge shi.

Malam Bawa shi ne shugaban sashenmu, mutumin Bungudu, kullum daga can yake zuwa aiki. Shi ya koyar da ni tun ina ɗaliba mai ɗan kwali a karkace. Da mahaifina ya rasu na ce zan bar karatu, shi ya tako har Tsafe ya zauna a zauren gidanmu ya yi wa kawunnaina magana. Shi ya sa aka ɗauke ni aiki, shi ya tsaya aka ba ni izinin wannan tafiyar. Ba na kiran sunansa, ba na zama a kujera in yana tsaye. Duk bakin nan nawa, in na zo gabansa ninke shi nake yi in sa a jaka.

Ya kira ni da safensu, mu la'asar ta yi. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce, "Saude, wanga abu da kinka aiko, na kwana ina dibinai. Ashe haka cikin batir yake? Shekara nawa ina koyar da shi ban taɓa ganinai da ido ba."

Na ce, "Wallahi Malam, sai ma kun ga yana motsi."

Ya ce, "To ai shi na nika so. Aiko muna da shi mu gani."

Na ce, "Malam, ba ya shiga filash. Makulli ake ba mutum."

"To aiko makullin mana, ɗiyata. Ni ɗai za ni diba, in gani kahin in aje aiki."

Sai wanda ya san yadda muke aiki zai gane. A wurinmu manhaja a filash take yawo. Wani ya samo daga wani a Zariya, ya ba abokinsa, abokin ya ba ɗalibai, har ta zaga sashe. Littafi ɗaya ne ke shigowa, a yi masa hoto kowa ya samu. Da haka muka yi karatu, da haka ni kaina na zama abin da na zama. Wanda ya samu abu ya ɓoye, sunansa marowaci, kuma sunan ba ya goguwa. Balle a ce wai Malam ne ya roƙa, ni Saude na ce masa a'a, don na hau jirgi. Maganar Farfesa tana kunnena, ina jinta. Amma Farfesa na san shi wata biyu ne, Malam kuwa rabin rayuwata. Na ce a raina dattijo ne, leƙawa zai yi sau ɗaya intanet ta yanke masa ya haƙura. Na ce, "To Malam." Na tura.

Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru, har na saki jiki. Na dai lura layin ayyuka ya fara tsawo, in ka tura lissafi sai ya daɗe bai motsa ba. Wani ɗalibi ya yi ƙorafi, aka ce wataƙila injinan kamfanin ne suka cika. Ni ban leƙa na ga ayyukan wa suka cika layin ba. Ina jin tsoro ne ya hana ni leƙawa.

Ranar da abin ya fashe na shigo da safe ina kaɗe laima, na tarar da Mei zaune gaban kwamfutarta, hannuwanta a cinya. Ba ta kuka. Na ce lafiya? Ta nuna mini allon. Ta ce, "Babu shi."

Na ce me?

Ta ce, "Fayil ɗina. An goge, an bi shi har kwandon shara an share. Saude, an ce da makullinki aka yi."

Tun kafin kowa ya yi mini bayani na san abin da ya faru, kamar ina wurin. Rumbun ya cika, an hana wani a can gida tura aikinsa, ya duba ya ga wani ƙaton fayil mai suna da rubutun da ba ya iya karantawa. A Gusau duk wanda ya taɓa sa filash a kwamfutar shagon buga takardu ya san fayil mai irin wannan rubutu, birus ne, cutar kwamfuta. Gogewa ake yi, kuma a bi shi har kwandon shara don kada ya dawo. Ni da bakina nake koya wa ɗalibai haka. Wanda ya yi, a ganinsa gyara ya yi mana.

Farfesa ya tara mu duka a ɗakin taro, ya kunna majigi. Ashe cikin sababbin abubuwan har da wannan: manhajar tana nuna wa mai ɗakin taswirar wuraren da aka shiga da kowane makulli. Na kowa ɗigo ɗaya ne, a garin da muke. Da ya danna sunana sai taswirar ta ja da baya, ta tsallake teku, ta sauka a gida. Ɗigo-ɗigo ja kamar an watsa barkono. Ya matsa kusa da bango, ya gyara tabarau, yana karantawa a hankali don kada ya yi kuskure.

"Gu-sau. Wannan da yawa. Tsa-fe. Bun-gu-du." Ya waiwayo. "Na faɗa daidai?"

Na ce eh. Watanni ina marmarin in ji wani ya ambaci sunayen nan. Ina kwanciya da su a bakina. Ga shi an ambace su, a bango, gaban mutanen ƙasashe daban-daban, ni kuwa ina fata ƙasa ta tsage in shige. Har Tsafe, garinmu, wato wani ɗalibi ya je hutu gida da makullina a aljihu. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba ko ina yarinya.

Ya sallami sauran, ya bar ni da Mei. Ya zauna, ya haɗa yatsunsa. Murmushin yana nan, amma yau na gane irinsa.

Ya ce, "Saude, tambaya ɗaya zan yi miki, ki yi tunani kafin ki amsa. Yana yiwuwa an sace miki makulli. Yana faruwa, ba laifin mutum ba ne. In haka ne sai in sanar da kamfanin cewa ɓarayi sun shigo mana daga waɗannan wurare. Su za su bi sawu, su rubuta wa makarantar da abin ya fito, ke kuma a ba ki sabon makulli ki ci gaba da aikinki. In kuwa ke kika bayar, ba ni da yadda zan yi. Ni na tsaya miki, kuma sai na ba da amsa."

Na gane ƙofa ya buɗe mini, da gangan. Kalma ɗaya ce tsakanina da batirina. Aikin ya kai rabi, na fara ganin inda zai ɓulle. Na yi tunanin ranar da zan koma in tsaya gaban masu sayar da sola na Gusau in nuna musu da hoto. Sannan na yi tunanin takarda ta iso makarantarmu daga ƙasar waje, a buɗe ta a ofishin shugaba, a bi sawu, sawun ya tsaya a kwamfutar Malam Bawa, da kalmar sata a kansa, saura kaɗan ya ajiye aiki.

Ba jarumtaka na yi ba, kada a ɗauka haka. Sai da na auna ƙaryar, na ga za ta zauna daidai. Abin da ya hana ni kawai, na kasa haɗa sunansa da kalmar nan ko a zuci.

Na ce, "Ba a sace ba. Ni na ba malamina."

Ya ce, "Ya biya ki?"

Na ce a'a, har raina ya so ya ɓaci, sai na tuna ba ni da wannan damar yau.

"Ya tilasta ki?"

"A'a. Roƙo ya yi."

Ya ce, "To me ya sa ba ki ce masa ba a yarda ba?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin filash da littafi da zauren gidanmu, sai na ga Mei tana kallona, na rufe. Wane bayani zan yi wa wadda aka share wa makonni? Na ce, "Ban iya ba."

A ranar aka rufe makullina. Kamfanin ya dakatar da ɗakin gaba ɗaya na 'yan kwanaki, sai da Farfesa ya yi ta ba da haƙuri a kan abin da bai yi ba. Zamana ya yanke, Farfesa ya ce in ƙarasa watan in koma, zai rubuta cewa na halarci horo, ba zai ƙara komai ba, ba zai rage ba. Mei tana da awonta na asali a wani wuri, amma lissafin sai daga farko, kuma ba zai gama kafin jarrabawa ba. Aka ɗaga ta zuwa zama na gaba. Akwai aikin da aka yi mata alkawari a wani kamfani in ta gama a kan lokaci, ban taɓa samun ƙarfin tambayarta ko sun jira ta ba.

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Na saba da faɗa, na san yadda ake karɓarsa. Ita kuwa shiru ta yi mini na kwanaki, ba gaba ba, shiru kawai. Na riƙa zuwa ina zama a gefenta ba makulli, ina karanto mata lambobi tana sake shigarwa, don shi kaɗai ne abin da hannuna zai iya. Wata rana tana bugawa, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ni ma ina da kaka. In ta ce in ba ta abu, ban san yadda zan ce mata a'a ba." Ta shigar da lamba ta gaba. "Amma da na gaya wa wani kafin in bayar." Na ce gaskiya ne. Ranar da zan tafi ita ta raka ni tashar bas, ta sayo mini kazar nan mai yaji a leda. Na riƙe ta har filin jirgi na kasa ci.

Malam ya kira ni tun ina can, ya ce abin ya daina buɗewa, yara suna ta tambaya. Na ce masa an canza tsari ne. Aminu kaɗai na gaya wa gaskiya. Ga sauran mutane kuwa, da na sauka Gusau, cewa na yi an gajarta shirin. A sashe aka yi ta yi mini sannu da zuwa, ana cewa Malama Saude ba ta da rowa, tana can ƙasar waje amma ba ta manta da na gida ba. Wani ɗalibi ya tare ni a baranda ya ce albarkacina ya ga cikin batir, har ya sa hoton a kundinsa. Kowace godiya sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Ban nemi sanin wanda ya goge fayil ɗin ba, har yau ban nema ba.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Bungudu in gaishe da Malam, da ɗan turare da na sayo masa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, an kawo masa buhunan dawa daga gonarsa ta Nahuce ana shigarwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi murna, ya sa aka kawo mini fura, ya yi ta tambayata ruwan ƙasar da abincinsu. Sai da masu buhuna suka tafi ya ce, "To ina batirin namu? Nuna mani ƙarshenai."

Na ce, "Bai ƙare ba, Malam."

Ya dube ni. Mutumin da ya yi shekaru yana kama masu satar amsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ya ce, "Ni na sa hannu ga takardar izininki, na san watan da ya kamata ki dawo. Mi ya hwaru, Saude? Hwaɗa mani gaskiya."

Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Na so in rage, in ce matsalar kamfani ce, amma da na fara sai ta zubo duka, har taswirar, har Mei. Tambayar da Farfesa ya yi mini ce kawai na ɓoye, ita ma sai da ya tono ta, don ya ce ba a korar mutum a kan an yi masa sata, me na ce musu?

Ya ce, shi mutum ɗaya ya ba, don ya buɗe masa, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Bai ƙarasa ba, don shi ma ya san yadda abu ke tafiya a wurinmu.

Sai ya ce, "Yarinyar, mi as sunanta?"

Na ce Mei.

"Kira mani ita."

Na ce Malam, ku bari, ni na riga na ba ta haƙuri. Ya ce, "Ke kinka goge?" Na kira. Can yamma ta yi, ta ɗauka da muryarta mai sauri. Na ce mata malamina ne yake son magana da ita, na miƙa masa. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya gyara zama, ya yi mata magana da Turancinsa na aji, a hankali, kalma bayan kalma. Ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya ce shi ne ya roƙi abin da bai kamata ya roƙa ba, shi ne kuma ya bayar, kuma ya ji an ɓata mata aikin da ta sha wahala a kai. Ya ce ba shi da abin da zai mayar mata. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga yana gyaɗa kai yana cewa ya gode, kansa yana ƙara yin ƙasa. Tun da na san Malam ban taɓa ganin ƙeyarsa daga sama ba sai ran nan. Abin da na bar aikina a can don kada ya same shi, ga shi ina durƙushe ina kallo.

Ya miƙo mini wayar. Ya ɗauki ludayin furar ya juya, ya ajiye bai sha ba.

Ya ce, "Saude, ke da kowa ke tsoron bakinki. Da kin ce mani a'a, da na ji haushi kwana biyu, shi ke nan."

Na ce, "To Malam."